Jinin Malam Ba Ya Tsayawa

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Asma'u, amma Ma'u kowa ke kirana. 'Yar Zurmi ce ni, aure ya kawo ni Ƙaura Namoda, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta, domin a cikinta akwai abin da mace ba ta iya faɗa ko ga wadda ta haife ta. Sai da na nemi izinin maigidana. Ya ce in rubuta, in dai wani zai tsira da ƙafarsa.

Maigidana Malam Sanusi tela ne, shagonsa na bakin kasuwa. Mutumin Galadi ne ta ƙasar Shinkafi. Lokacin da ya fara zuwa wurina zawarci nake yi, mijina na fari direba ne, ya rasu a haɗarin mota ba mu daɗe da aure ba, kuma ba mu haihu ba. Tun zuwansa na biyu Malam ya gaya mini lalurarsa, bai ɓoye ba. Ya ce jininsa ba ya tsayawa kamar na mutane. Wansa wurin kaciya ya rasu yana ɗan yaro. Ƙanin mahaifiyarsu kuma haƙori aka cire masa, shi ke nan. Shi kansa sai da ya tasa aka kai shi asibiti Sakkwato aka yi masa kaciya da ƙarin jini, can ne aka ce sunan ciwon himofiliya. Ya nuna mini gwiwarsa ta hagu da ta fi 'yar'uwarta kauri, ya ce yanka na waje ba shi ne abin tsoro ba, in allura ta soke shi matsewa yake yi ya daɗe, ya wuce. Mugun shi ne wanda ke zuba daga ciki, cikin gaɓa ko cikin nama, ba a gani.

Gwaggona da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata ba ta so auren ba. Ta ce na binne ɗaya, me ya kai ni ɗaukar mai jiran rana. Na ce mata duk mai jiran rana ne, na farin ma ƙalau ya fita. Abin da ya ja ni wurin Malam shi ne sanyin halinsa. Mutum ne da in yana magana sai ka matso. Aka ɗaura aure bayan girbi, na tare. Duk abin da ya sani game da ciwonsa ya koya mini: kada a yi masa allura a tsoka, kada ya sha asfirin, in gwiwa ta kumbura a sa ƙanƙara a ɗaure. Abu ɗaya ne bai gaya mini ba, don shi ma ba wanda ya taɓa gaya masa, wato abin da ya shafi shimfiɗar aure.

Da damina ta yi tsaka, wata asuba na ga ya yi salla a zaune. Na tambaya, ya ce gwiwar ce. Amma na riga na san ciwon gwiwarsa, kuma ba can hannunsa yake ba. Yana dafe da ƙasan mararsa ta dama, wajen matsematsi. A daren da ya wuce muna tare, kuma na ji lokacin da ya ɗan ja numfashi ya tsaya, sannan ya ce ba komai. Ni na san lokacin da ciwon ya fara, shi ma ya sani, kuma ya san na sani. Ba wanda ya ɗaga maganar. Na dama masa kunu, ya hau babur ya tafi shago.

A hanya ya tsaya kemis ya ce a ba shi maganin ciwon jiki mai ƙarfi. Mai kemis bai tambaye shi komai ba, shi kuma da ya duba bai ga an rubuta asfirin ba sai ya sha. Ashe maganin ɗan gidan asfirin ne, shi ma tsinka jini yake yi. Ciwon ya lafa masa da rana, ya ci gaba da taka keken ɗinki har yamma. Haka ya yi ta yi, yana sha yana fita. Kafin Juma'a ta zagayo ƙafar ta ƙi miƙewa. Yana kwance ya naɗe ta zuwa cikinsa, in na ce ya gwada miƙe ta sai gumi ya keto masa. Na ce mu tafi asibiti, ya ce in bari ya ga gobe. Goben nan ita ta cinye mana mako guda.

A mako na biyu mahaifiyarsa ta zo, Inna. Sai da ta jira ranar da aka ce hanya ta yi sanyi, ta hau babur daga Galadi zuwa Shinkafi, daga nan ta shigo mota. Ta iso da ƙullin saiwoyi da gorar rubutu da man shafawa. Gida ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa a baki. Wani ya ce daji ne, wata ta ce sanyi ne ya taru, wata ta ce iska ya taka a hanyar shago. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho a zuƙe mataccen jinin. Inna tana zaune bakin gado, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Aska ta ci mani ɗa guda," in ji ta. "Ba ta ƙara taɓa wanga ina raye."

Har gobe ina yi mata addu'a a kan wannan magana. Sai dai abin da Inna ta tsorata shi ne ƙarfe, ba ta san hannu ma yana iya yin ɓarna ba. Da aka ce akwai mai gyaran targaɗe da ya iya miƙar da jijiya, ta yarda a kira shi. Mutumin ya shafa mai, ya danna wurin da ƙarfinsa, ya kama ƙafar ya ja. Malam da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya yi wata ƙara, sannan ya yi laƙwas. Da ya farfaɗo leɓensa ya yi fari, tafin hannunsa ma haka.

A ranar ne na fara jin maganar da ake yi a kaina. Ina wanke kofuna bayan ɗaki, wasu mata biyu daga cikin masu dubiya suna tsaye ta ɗaya gefen katanga, ɗaya tana cewa ai na farin ma bai daɗe ba, wata macen farar ƙafa gare ta. Na gama wanke kofunan na kai ciki. Da yamma Gwaggo ta kira ni a waya daga Zurmi, ta ce in dawo gida har ya samu sauƙi, domin an gaya mata irin ciwon nan ana ɗaukarsa ta wurin kwanciya. Na ce mata ba inda za ni. Ban yi fushi da ita ba, tsoro ne ya sa ta.

Washegari da sassafe muka kai shi asibitin garinmu. Layin kati ya kai har waje, mata da yara masu zazzaɓin damina sun cika baranda. Muka kwantar da shi a kan benci da ƙafarsa a naɗe, ina riƙe da kansa a cinyata, karo na farko da na yi hakan a gaban jama'a, ban ma tuna da kunya ba. Sai bayan azahar muka ga likita, wani matashi da alamar tun jiya bai runtsa ba. Ya danna cikin, ya ga gefen dama ne, ya ce yana zargin afendis, wataƙila sai an yi tiyata. Wata ma'aikaciya ta taho da allurar kashe ciwo za ta yi masa a ɗuwawu. Malam ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce a'a. Ni kuma na faɗi sunan ciwon kamar yadda ya koya mini, na ba da labarin wansa da kawunsa.

Likitan ya ajiye bironsa. Ya ce to ba mai sa wa wannan bawan Allah wuƙa a nan, kuma kada a yi masa allura a nama. Ya tambaya ko ya faɗi, ko ya ɗaga wani abu mai nauyi. Muka ce a'a. Ya dubi Malam ya dube ni, ga Inna a tsaye, ga mutane na leƙowa ta ƙofa, sai ya rubuta mana takarda zuwa Gusau ya ce mu tafi yau. Ban san sunansa ba, amma duk sallar da na yi yana ciki. Wani da ya ga layin da ke jiransa da bai tsaya saurarar matar mara lafiya ba.

Murtala abokin Malam, wanda ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Ƙaura da Kasuwar Daji, shi ya sauke lodinsa ya zo da motarsa ya ɗauke mu. Ya kwantar da kujera, ya riƙa kauce wa ramuka kamar ƙwai ya ɗauko. Da na miƙa masa kuɗin mai ya ce in mayar, in ba so nake ya daina gaishe ni ba.

Mako na uku a babban asibiti muka yi shi. A nan na ga abin godiya na ga abin takaici a wuri guda. An ce a yi hoton ciki, muka je ba wuta. Da wuta ta zo, mai ɗauka ya tashi. Sai kashegari aka yi, aka ga ba afendis ba ne, jini ne ya taru can ciki har ya yi gudaji. Aka auna jininsa aka ce ya yi ƙasa sosai. Murtala ya koma Ƙaura ya sanar, sai ga teloli da 'yan kabu-kabu mota guda, suka yi layi a ɗakin ɗibar jini, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Amma ainihin maganin, wata allurar jijiya da suke kira fakto, wadda ke maye abin da jininsa ya rasa, babu ita a asibitin. Aka ce ta kyauta ce in ta zo, amma ta ƙare. Suka riƙa ƙara masa wani ruwan jini mai launin rawaya suna buga waya Sakkwato da Zariya. Kowace safiya in tambaya, a ce in Allah ya so gobe.

Kuɗi kuwa tafiya suke kamar ruwa a rariya, yau gwaji, gobe leda, jibi magani daga waje. Na aika aka sayar da awakina da buhun gyaɗar da na ajiye na jari. Inna ta ce a sayar da keken ɗinkinsa, na roƙe ta a bari, domin in ya tashi ya ga babu shi zai ɗauka mun fid da rai. A baranda muke kwana ni da ita da sauran masu jinya, sauro na cin mu, ruwan sama na feso mu. Inna takan lulluɓa mini zanenta in ta ga na takure. A wurin nan muka saba da juna fiye da duk watannin da suka wuce.

Babban likitan da ke duba shi dattijo ne mai furfura a gemu. Wata safiya ya shafa gaban cinyar Malam da auduga ya tambaye shi ko yana ji, ya ce a'a, wurin kamar ba nasa ba. Likitan ya ce jinin ne ya danne jijiya, kuma da an ƙara jinkiri da ƙafar ba za ta sake ɗaukarsa ba. Ya sa aka ja labule, ya roƙi Inna ta ɗan ba su wuri, sannan ya tambayi Malam abin da ya faru kafin ciwon ya fara. Ya ce yana son ya sani ne don kada a warke a koma gida a sake. Malam ya juya fuska bango ya ce shi dai ya tashi ne ya ji shi. Likitan ya jira. Da ya ga ba ƙari, sai ya fita.

Na tsaya ina kallon ƙeyar mijina. Na tuna abin da matan nan suka faɗa a bayan katanga, na ce a raina in na buɗe baki na tabbatar musu ke nan, ni ce sanadi. Sai kuma na dubi ƙafar nan da ke naɗe. Na bi likitan da sauri na same shi a baranda, na ja mayafina na rufe rabin fuskata.

"Likita, ba hwaɗuwa yay yi ba," na ce, idona a ƙasa. "Muna tare ne da dare, irin na mata da miji. Nan yaj ji shi."

Na zaci zai yi mamaki ko ya kau da kai. Sai ya ce, da murya ƙasa yadda ba mai ji sai ni, "Na gode, kin sauƙaƙa mini aiki. Ki saurare ni da kyau. Ba laifinki ba ne, ba laifinsa ba ne. Halal kuka yi."

Ya yi mini bayani cewa akwai wata tsoka da ta taso daga gadon baya ta ratsa ƙugu ta sauka cinya, ita ke aiki a irin wannan lokaci, kuma ga mai irin jinin Malam takan iya zubar da jini in ta wahala. Ya ce ba mu ne na farko ba, kuma yawancin masu zuwa da haka a makare suke zuwa, don ba mai son ya faɗi mafari. Na tambaye shi maganar Gwaggo, ya ce ciwon ba ya ɗaukuwa, ko mun shekara ɗari tare ba zai taɓa ni ba, haihuwarsa aka yi da shi. Na koma bayan ɗakin marasa lafiya inda ake shanya na yi kuka har na gode Allah.

Allurar ta iso a ƙarshen makon nan. Bayan an fara yi masa, ciwon ya riƙa ja da baya a hankali. Likita ya hana shi sauka daga gado ko da zuwa bayi, ni ke kawo masa tasa, ni ke goge masa jiki. Da farko yakan rufe ido in ina yi, daga baya ya saba har yana tsokanata wai ruwan ya yi zafi kamar zan fige kaza. A mako na biyar aka fara koya masa miƙe ƙafar kaɗan-kaɗan, aka sallame mu da sanda da ranar dawowa. Inna ta ƙara mako guda tare da mu ta koma Galadi, don gero ya isa yanka.

Na zaci jinya ta ƙare. Ashe mai wuyar ce ta rage, kuma ita ba a ba da kati a kanta.

Da muka dawo gida na shimfiɗa tabarma a ƙasa na bar masa gado, na ce don kada in buge ƙafar cikin barci. Gaskiya ne a farko. Amma ƙafar ta miƙe, ya ajiye sanda, ya koma shago yana yanka yadi wasu na ɗinkawa, ni ina nan a tabarmata. Ina dafa masa abin da yake so, ina shafa masa mai a cinyar da ta mutu, ina hana shi ɗaukar ko bokiti. Amma in ya kama hannuna ya riƙe, sai in tuna na bar wani abu a wuta. Likita ya ce ba laifina ba ne, kaina ya yarda, jikina ya ƙi. Duk lokacin da ya matso sai in ga fuskarsa ranar da leɓensa ya yi fari. Haka muka ci watanni, muna hira, muna dariya, ba mai taɓa maganar.

Wata rana bayan la'asar ina tuyar ƙuli a tsakar gida, ya dawo da wuri ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna kusa da murhu. Sannan ya ce ya yi tunani, ni yarinya ce da sauran ƙuruciyata, kuma na yi masa abin da ba zai iya biya ba.

"In kin gaji, Ma'u, ki hwaɗa mani. Ba ni riƙe ki da ƙarhi. Na samu mai jinya, Allah shi saka miki. Amma matata nika nema ban gani ba."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. Na ce masa ba gajiya ba ce. Na ce na riga na ga an fita da miji ɗaya daga ɗakina a makara, in na taɓa shi wani abu ya same shi, ina zan sa kaina. Ya ce shi kuwa duk tsawon lokacin nan ya ɗauka ƙyamarsa nake yi, tunda na ga abin da mace ba ta saba gani ba a jikin mijinta, na ɗauki tasarsa, na wanke shi kamar jariri. Ya ce ya zaci na daina ganinsa namiji. Muka zauna a nan gaban murhu kowa na share hawaye, ƙulin da ke cikin mai ya ƙone. A ƙarshe shi ya ce ranar komawa asibiti ta kusa, mu je mu tambaya, kuma wannan karon shi zai buɗe baki.

Ya cika alkawari. A gaban likita ya faɗa, yana in'ina, yana murza hularsa, amma ya faɗa. Likitan ya yi masa magana su biyu, ni kuma ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya babba da ta kusa ajiye aiki, kowa Sista yake ce mata. Ta kai ni wani ɗan ofis ta rufe ƙofa, ta ce in cire kunya in rataye a ƙusa, in zan fita in ɗauki abata. Ban taɓa jin mace ta yi magana a fili haka ba, har ta sa ni dariya ina rufe baki.

Abin da ta gaya mini shi ne dalilin rubutun nan. Ta ce ciwon bai hana aure ba, gaggawa da ƙarfi ya hana. A bi a hankali, a sa matashi a tallafi gwiwa da ƙugu, kada nauyi ya zauna a kan gaɓar da ke ciwo, kuma ba dole ne kullum namiji ne zai ɗauki wahalar ba. Ranar da ya wuni a tsaye ko wata gaɓa na masa zafi, a haƙura, hira da riƙe hannu ma zama ne na aure. In ya ji wani abu ya ja a ƙugu ko mara, a tsaya nan take, kuma in gari ya waye da ciwo a wurin, ko ƙafa ta ƙi miƙewa, ko cinya ta yi sanyi, asibiti kai tsaye, ba kemis, ba tausa. In an ga jini a fitsari ko a ruwan namiji kada a firgita, amma kada a ɓoye. Ta ja mini kunne a kan magungunan ƙarfin maza da ake talla a tasha da kasuwa, ta ce ba wanda ya san abin da ke ciki, kada ko ɗaya ya shiga bakinsa. Na tambaye ta haihuwa. Ta ce 'ya'yansa maza ba za su gaji ciwon daga gare shi ba, amma matan za su ɗauke shi a jininsu su iya ba nasu 'ya'yan maza, saboda haka in Allah ya ba mu mace mu gaya mata gaskiya tun kafin ta yi aure, mu kuma sanar da asibiti.

Da zan fita ta riƙe hannuna ta ce, "Mijinki ba ƙwai ba ne, 'yata. Mutum ne. Tsoron nan naki ma ciwo yake ji masa."

Ba a rana ɗaya na warke ba. Amma mun koma ɗaki ɗaya da gado ɗaya, kuma mun koyi yin magana a inda da muke yin shiru. Abin da ya fi mana wuya shi ne kalmar "tsaya" da kalmar "ya yi ciwo", yanzu kuwa ba nauyinsu muke ji ba. Zan iya cewa zaman da muke yi yanzu ya fi na farkon aurenmu daɗi, domin wancan kowa ɓoye wa ɗan'uwansa yake yi don ya faranta masa. Gaban cinyarsa har yau akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da bai dawo daidai ba, kuma ya sa wa keken ɗinkinsa injin lantarki don ya daina takawa. Gwaggo ta zo daga Zurmi ta kwana biyu, ta ga yadda yake, ta koma tana cewa ai Sanusi ɗa ne. Allah ya ba mu 'ya mace, muka sa mata sunan Inna.

Takaicina da ya rage shi ne allurar nan. Har yanzu sai an yi sa'a ake samunta, kuma daga Galadi ko ƙauyukan Zurmi kafin mutum ya kai inda take, ga hanya yadda ta zama, rai ya yi halinsa. Ina roƙon masu iko su dube mu. Ina kuma roƙon likitoci su riƙa yi wa samari masu ciwon nan wannan bayani tun kafin aure, kada su jira a tambaye su, don ba za a tambaya ba.

A daminar da ta wuce, wata safiya ina shirin ɗora gyaɗa a wuta, Malam ya fito daga ɗaki yana ɗan dafa bango. Ban tambaye shi ba, shi ya fara magana.

"Ma'u, ɗauko mayahinki. Na ji wurin nan ya motsa tun jiya. Mu tahi tun da sauran sauƙi."

Na goya yarinya, na kulle ɗaki, muka nufi tasha. A cikin motar Gusau yana gefena ya jingina da kafaɗata, ni kuwa na kasa hana fuskata murmushi. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta leƙo ta tambaya ko biki za mu. Malam ya ce mata asibiti za mu, shi ne ba lafiya. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce to Allah ya sawwaƙe, amma ita ba ta taɓa ganin matar mara lafiya da fara'a haka ba. Ban yi mata bayani ba. A ranar aka samu allurar, muka kwana biyu, ya shigo gida da ƙafarsa.